Tarihin Likita Mila Da 'Yar Makarantarsa Ta Birnin Zariya

Cikin Turawan da suka zauna ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, kaɗan ne suka ji Hausa kamar yadda Likita Walter Miller ya ji ta, kaɗan ne kuma suka jawo gardama kamar yadda ya jawo. Mutanen Zazzau sun san shi da sunan Likita Mila. Shi ɗan Mishan ne, ya zo da niyyar juyar da ƙasar Hausa zuwa addinin Kirista, wannan niyya kuwa ba ta cika ba, don bayan ya shekara ashirin da wani abu cikin birnin Zariya waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Amma cikin wannan zama nasa ya riƙe wata 'yar makarantar kwana ta ginin ƙasa, wadda yaranta ba su taɓa yin yawa ba. Daga ita da magajiyarta ta Wusasa aka sami likita na farko ɗan Arewa, da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, har da wanda ya mulki Nijeriya shekara tara. Saboda haka ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san yadda aka yi zaman wannan makaranta, da abin da ya ba ta ƙarfi, da kuma abin da ya hana ta yaɗuwa.

Asalinsa Da Koyon Hausa

An haifi Walter Miller cikin shekarar 1872 a garin Honiton da ke lardin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St Bartholomew na birnin London, wanda ke cikin tsofaffin asibitocin Ingila. Tun yana ɗalibi ya ƙudura cewa aikin Mishan zai yi, don haka da ya gama sai ya shiga Ƙungiyar Mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S.

A wannan zamani labarin ƙasar Hausa ya bazu a Ingila. An kafa wata ƙungiya musamman don nazarin harshen Hausa, wani malamin coci kuma mai suna Charles Robinson ya zo har Kano ya koma, ya wallafa ƙamus. 'Yan Mishan sun ji labarin al'umma mai birane da ganuwa, mai fatauci da rubutun ajami, sai suka ɗauka in an kai mata Linjila cikin harshenta za ta karɓa nan da nan. Wannan zato shi ne ya kawo Mila, shi ne kuma ya jima bai rabu da shi ba.

Da yake a sa'an nan Bature bai iya shiga ƙasar Hausa ya zauna ya koyi harshe, sai aka tura Mila da abokansa Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, cikin ƙarshen shekarun 1890. Tarabulus ita ce maƙurar hanyar fatake da ke ratsa Sahara daga Kano, akwai kuwa Hausawa da yawa a cikinta, fatake da mahajjata da bayin da suka sami 'yanci. A bakin waɗannan mutane ya fara tsintar Hausa. A nan ne kuma ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid Tafida, wanda ya fito aikin Hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Daga baya yaron nan ya bi Mila, ya zama ɗan gidansa da malaminsa na Hausa, ya kuma shiga cikin mutanen farko da suka karɓi addininsa. Wannan riƙo da Mila ya yi wa Abdulmajid, wato ɗaukar yaro a zauna da shi gida ɗaya, a ci tare a yi karatu tare, shi ne tushen makarantar da ya kafa daga baya.

Tafiya Kano Da Zaman Girku

Cikin 1900 Bishop Herbert Tugwell ya tashi daga Ikko da mutum huɗu, wato Mila da Richardson da Dudley Ryder da Burgin, suka nufi Kano. Ita wannan shekara ita ce wadda Gwamna Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Arewa, amma har lokacin ba a ci Kano da Sakkwato da yaƙi ba. Da suka iso Zariya Sarkin Zazzau Kwasau ya yi musu sauka. A Kano kuwa abin ya sha bamban. Sarkin Kano Alu bai yarda da zuwansu ba, ya ce su fita masa daga gari cikin 'yan kwanaki. Haka suka juyo, suka yada zango a Girku, wani gari kudu da Zariya. A nan Dudley Ryder ya rasu, ciwo kuma ya kori sauran ɗaya bayan ɗaya, har da Mila kansa.

Wani da ya ga haka da ya haƙura. Shi kuwa da ya sami sauƙi sai ya komo Girku, ya ci gaba da ba da magani da koyon harshe. Cikin wannan tsakani al'amuran ƙasa suka juya. Turawa suka zauna Zariya cikin 1902, aka tuɓe Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi cikin 1903. Cikin wannan shekara aka ci Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga kuma ya yi alkawari a Sakkwato cewa Gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Wannan alkawari ne daga baya Razdan-Razdan suka riƙa kafa hujja da shi suna hana 'yan Mishan shiga biranen sarakuna.

Sai dai Mila yana da kusanci da Lugga, yana kuma da maganin da mutane ke bukata. Cikin 1905 aka yarda masa ya tare cikin birnin Zariya, ya zauna a wurin da ake kira Durumin Maigarke. 

Makarantar Da Aka So, Da Wadda Aka Samu

Da farko ba ƙaramar makaranta Mila ya nufa ba. Cikin 1906 ya kai wa Lugga shawarar a buɗe makarantu biyu a Zariya. Ɗaya ta kwana ce don 'ya'yan sarakuna na lardunan Arewa, ɗaya kuma ta malamai ce, inda za a koya musu rubuta Hausa da baƙaƙen boko, da lissafi, da labarin ƙasa, don su yi aiki a ofisoshin sarakuna. Mila na cikin waɗanda suka matsa wa Gwamnati ta ɗauki boko a maimakon ajami wajen rubuta Hausa, ra'ayin da ya rinjaya daga bisani.

Lugga ya yi na'am da shawarar, amma cikin wannan shekara ya bar Arewa. An buɗe ta malamai cikin 1907, ba ta kuwa yi ƙarko ba. Dalili a fili yake. Mila bai iya raba koyarwa da wa'azi ba, bai ma ga abin da zai sa ya raba su ba, malamai kuma da suka ga inda aka dosa sai suka janye jiki. Ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba sam, gama ba uban da zai miƙa ɗansa ga wanda yake tsoron zai raba shi da addininsa. Sabon Gwamna, wato Girouard, ya ga cewa in ana son sarakuna su aiko da 'ya'yansu sai Gwamnati ta buɗe makarantarta da kanta, ba ruwanta da Mishan. Ta haka aka ɗora wa Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909.

Abin da ya rage a hannun Mila shi ne yaran gidansa. Waɗansu marayu ne, waɗansu ba su da mai riƙonsu, waɗansu 'ya'yan 'yan tsirarun da suka bi shi ne, kaɗan kuma iyayensu ne suka kawo su don sun ga amfanin karatun. Da waɗannan ya yi aikin da ake tunawa da shi.

Zaman Yau Da Kullum

Makarantar gida ce kafin ta zama makaranta. Ginin ƙasa ne irin na maƙwabta, ɗakin kwana da ɗakin karatu da ɗakin magani da wurin sujada duk suna cikin shinge ɗaya. Yara suna cin tuwo da miya kamar kowa a birni, suna sa riga da hula irin ta gida. Shi kansa Mila ya sha sa babbar riga da rawani yana yawo cikin gari, abin da bai gamshi waɗansu Turawan mulki ba. Yaron da aka yi wa baftisma ana ƙara masa suna daga Littafi Mai Tsarki, amma ba a raba shi da sunansa na yanka, shi ya sa ake jin sunaye irin su Bulus Audu da John Tafida. Waɗansu daga cikin waɗanda ya rena sun ɗauki sunansa, har yau kuwa akwai gidajen da ke amsa sunan Miller a ƙasar Zazzau.

Yini yakan fara da addu'a da karatun Littafi, ya kuma ƙare da su, duka da Hausa. Tsakanin safe da maraice ana karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa. Da Hausa ake kafa harsashi, sa'an nan a ɗora Turanci. A nan ne makarantar ta bambanta da na Gwamnati na farkon zamani, waɗanda suka yi jinkirin koyar da Turanci don gudun kada yara su fi ƙarfin sarakunansu da Di'o-Di'onsu. Mila bai yarda da wannan ƙaidi ba. A ganinsa yaron Arewa yana iya kaiwa duk inda yaron Ikko ko na London ya kai, saboda haka ya shirya yaransa don jarrabawar manyan makarantu, ya kuma nemi hanyar tura masu ƙwazo gaba.

Ban da aji, akwai aikin gida. Kowace safiya masu gyambo da zazzaɓi da ciwon ido sukan taru a ƙofar ɗakin magani, manyan yara kuma su ne masu taya Likita wanke miki da ɗauri. Akwai kuma aikin fassara, wanda Mila ya ɗauka tun zuwansa. In ya juya aya zuwa Hausa sai ya karanta wa malamai da manyan ɗalibai, su ce wannan kalma ta zauna, waccan ba haka Bahaushe ke faɗa ba. Yaron da ya tashi yana ganin ana auna kalmar harshensa da ta Turanci, har ana tambayarsa ra'ayinsa, ba zai rena Hausarsa ba, ba kuma zai ji tsoron Turanci ba.

'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. 'Yar'uwarsa Ethel Miller da waɗansu mata 'yan Mishan sun ɗauki nauyin koyar da su. Dalilin bai tsaya ga son ilimi kaɗai ba. Saurayin da ya zama Kirista a birnin Zariya da wuya wani ya ba shi 'yarsa, don haka in ana so jama'ar ta ɗore dole a reni 'yan matan da za su zama matan gida.

Wannan ya kawo mu ga nauyin da yaran suka ɗauka, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Suna zaune tsakiyar birnin Musulmi, suna jin kiran salla sau biyar a yini, sa'o'insu na unguwa suna makarantar allo. Wanda ya bar addinin iyayensa ya rasa gado, gama bisa shari'a saɓanin addini yana hana gado, sau da yawa kuma ya rasa zumuntar dangi. A wajen mutanen gari su 'yan Mishan ne, a wajen Kiristocin Kudu da ke Sabon Gari kuwa su Hausawa ne. Wannan kaɗaici ya sa suka riƙi juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, suka kuma riƙi karatu da ƙarfi, don ba su da gonar gado ko sarautar da za su jingina da ita. Mila kansa mutum ne mai tsanani da zafin rai, mai son a bi abin da ya ce. Amma ya san kowane yaro da halinsa, gama tare suke kwana suke tashi, abin da ba ya yiwuwa a makarantar da ke da ɗaruruwan yara.

Isawa Da Masifar Gimi

Ƙaruwa mafi girma da makarantar ta samu ta zo ne ta hanyar da Mila bai zata ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda cikin nazarinsa na Alƙur'ani ya ba Annabi Isa, alaihissalam, matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, almajiransa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gefen Zazzau da Kano. Su ne ake kira Isawa. Sun ci gaba da riƙe koyarwarsa a ƙauyukansu ba tare da sun taɓa ganin ɗan Mishan ba.

Cikin 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya. Bayan an yi ta kai da komowa, da dama daga cikinsu suka karɓi addinin Kirista, aka nema musu fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na kansu da gonaki da majami'a da makaranta. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson shi ya zauna da su. Wannan shi ne abin da Mila ya daɗe yana fata, wato jama'ar Kirista ta Hausawa manoma, masu cin gashin kansu.

Abin baƙin ciki, wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, a zamanin da maganinsa bai wadata ba. Dole aka tashi daga Gimi. Yaran da suka tsira, da yawansu marayu, aka kawo su makarantar birni. Da yake 'ya'yan malamai ne, waɗanda suka gaji girmama takarda da alƙalami, ba su sha wuyar karatu ba. Daga wannan zuriya ce mahaifin Farfesa Ishaya Audu ya fito.

Saɓani Da Fada, Da Ƙaura Zuwa Wusasa

Zaman Mila da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bai yi daɗi ba. Talakawa masu ƙara sukan biyo ta ɗakin magani su kai kukansu, shi kuwa Mila ya ɗauka ya rubuta wa Razdan, wani lokaci har Gwamna, yana zargin Sarki da ma'aikatansa da zalunci. A wajen fada kuwa, baƙo ne da aka ba masauki ya koma yana kafa tasa fadar cikin gari, yana kuma janye 'ya'yan Musulmi. An tuɓe Aliyu cikin 1920 aka kai shi Lakwaja, masu tarihi da dama kuma suna ganin ƙararrakin Mila na cikin abin da ya jawo haka. Mutanen Zazzau dai har yanzu suna tunawa da Sarki Aliyu a kan malami ne kuma fasihin mawaƙi.

Wannan rigima ta ƙara wa Turawan mulki tabbacin cewa zaman Mishan cikin birni matsala ne. Shi ma Mila bai sassauta musu ba, don ya yi ta sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana cewa ya danne talaka ya kuma bar Arewa a baya wajen ilimi. Gwamnati ta yi ta matsa wa C.M.S. ta fita bayan ganuwa. Ana cikin haka waɗansu samari 'yan Mishan suka zo daga Jami'ar Cambridge, cikinsu har da Guy Bullen da Max Warren, wanda ciwo ya mayar da shi gida da wuri, daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar. Su waɗannan samari sun ga cewa gidan birni ya yi ƙunci, ba wurin faɗaɗa makaranta ko gina asibiti. A zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim aka ba su fili a Wusasa, yamma da birni kusa da dutsen Kufena, aka ƙaura cikin 1929.

A Wusasa aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa mai bakan gizo, makarantar ita ma ta ɗauki wannan suna, wato sunan asibitin da Mila ya yi karatu. Aka kuma kafa Asibitin St Luke. Mila bai so wannan ƙaura ba, don a ganinsa fita daga birni barin fagen aiki ne. Bai tare a Wusasa ba, sai ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Fassara Da Ƙarshen Rayuwarsa

Tun ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön ya fassara waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, amma bai zauna ƙasar Hausa ba. Mila ne, tare da wakilan sauran ƙungiyoyin Mishan da mataimakansa Hausawa, ya kai aikin ƙarshe. An buga cikakken Littafin da Hausar boko cikin 1932. Shi aka yi ta karantawa a majami'un Arewa fiye da shekara arba'in kafin a yi sabuwar fassara. Amfaninsa ya wuce Hausawa, don ƙabilu da yawa na Filato da kudancin Zazzau da Adamawa da shi suka koyi karatu, ta haka kuma Hausa ta ƙara zama harshen da ya haɗa Arewa.

Cikin 1935 Mila ya bar aiki da C.M.S. Ya rubuta littattafai da Turanci a kan abin da ya gani, cikinsu akwai Reflections of a Pioneer na 1936, da Have We Failed in Nigeria? na 1947, inda ya tuhumi mulkin Ingila da gazawa. Zaman Ingila bai karɓe shi ba, ya komo Nijeriya ya zauna a Bukuru kusa da Jos, ya rasu cikin 1952 yana da shekara 80.

Abin Da Makarantar Ta Haifar

Cikin yaran da suka tashi a hannun Mila wanda ya fi shahara shi ne Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa cikin 1912. Daga makarantar Mishan ya tafi King's College ta Ikko, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo a matsayin likita na farko ɗan Arewa. Shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna cikin 1949, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama N.P.C. Abin lura ne cewa 'yan boko Musulmi na wannan zamani sun yarda su sa Kirista a gaba. Ya zama Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya cikin 1967, ya rasu cikin 1977, babban asibitin Kaduna kuma yana ɗauke da sunansa. Akwai kuma Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa suka sani sarai.

Bayan ƙaura, makarantar Wusasa ta ci gaba bisa wannan turba. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa cikin 1927, ya bi ta cikinta ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai wa'azi ne da ya zo Wusasa daga ƙasar Angas, a nan ya yi firamare kafin ya shiga kwalejin Gwamnati ta Zariya. Ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Adamu Baikie, masanin ilimin koyarwa, shi ma ɗan Wusasa ne.

In aka auna wannan da ƙanƙantar makarantar, sai a tambaya me ya kawo haka. Ba gini ba ne, don ginin ƙasa ne, ba kuɗi ba ne kuma, don Mishan ba ta taɓa wadata ba. Abin da ake iya gani shi ne malami ya zauna da ɗalibansa ya san su ɗaya ɗaya, ya fara da harshen da suka tashi da shi, ya haɗa karatu da aikin hannu da tarbiyya, sa'an nan bai yanka musu iyakar inda za su tsaya ba. Waɗannan abubuwa ba na wani addini kaɗai ba ne, kowace makaranta tana iya riƙonsu, ta Gwamnati ce ko ta Islamiyya ko ta Mishan.

Ɗaya gefen kuma shi ne abin da makarantar ta kasa. Da yake Mila ya ɗaure ilimi da sauya addini, iyaye Musulmi sun guje ta, tsoron da irin wannan ya shuka kuma ya bi makarantar boko har inda ba ɗan Mishan ko ɗaya. An shekara da yawa sarakuna da hakimai suna fama kafin talakawa su saki 'ya'yansu su shiga aji, Arewa kuwa ta biya wannan jinkiri da tsada sa'ad da aka zo neman ma'aikata gab da samun mulkin kai. Turawan mulki suna da nasu kason na laifi, don sun yi ƙwauron buɗe makarantu. Amma tarihin Durumin Maigarke ya nuna cewa kome ƙwarewar malami, in iyaye ba su amince masa a kan addinin 'ya'yansu ba, kaɗan ne za su ƙetare ƙofarsa. Wanda duk aka ɗora wa tsara ilimi a ƙasa mai addini fiye da ɗaya, ya kamata ya riƙe darussan nan biyu tare.